Bai Bar Motar Ba

Mijina Zailani ya rasu a Legas, a layin manyan motocin da ke jiran shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa. Mutanen unguwarmu a Daura suna cewa layin ne ya kashe shi. Ni da na riƙe waya ina jin yadda muryarsa take canzawa, na san daga cikin gidanmu aka ɗaure shi. Karatuna bai yi nisa ba, amma abin da na ji da kunnena zan iya rubuta shi.

Tirelar ta yayansa ce, Alhaji Mainasara. Gida ɗaya muke. Alhaji da iyalinsa suna sashen gaba, mahaifiyarsu Iya tana ɗakinta kusa da su, mu kuma muna can ƙurya. A kakar shekarar Alhaji ya sayi riɗi wurin manoman Baure, aka loda, aka ja tamfol, Zailani ya kama hanya. Shi kaɗai ya tafi, don Alhaji ya daina ɗaukar masa yaron mota.

Da farko da dariya yake kirana.

"Zinariya, yau fa mun yi tafiya."

"Har ina?"

"Tsawon tabarmar ɗakinki. Gobe in Allah ya so mu kai bakin murhu."

Ya ce a kan gada suke, mota gaba mota baya, ido ba ya ganin ƙarshensu. Ba banɗaki, ba wurin wanka. In mutum ya matsu sai ya roƙi na bayansa ya duba masa mota, ya gangara ƙarƙashin gada cikin ƙazanta. A irin wannan gangarawar ya taka ƙusa. Ta huda silifa ta shiga tafin ƙafarsa. Ya ce ya cire ta, ya zuba man birki kamar yadda direbobi suke yi, ya ɗaure da tsumma.

Bayan kamar mako guda na ji maganarsa ta yi nauyi. Na ce ko goro yake ci.

"Ina fa goro. Muƙamuƙina ne ya yi tsami. Ko burodi sai na jiƙa."

A ranar wani mutum ya karɓi wayar. Ya ce sunansa Sama'ila, mutumin Mashi ne, tsohon direba. Yanzu yana cikin waɗanda ƙungiyar direbobi ta sa su bi layi da ƙaramar mota suna raba ruwan leda da burodi, tare da wata nas mai duba marasa lafiya.

"Malama, ke ce iyalinsa?"

"Ni ce."

"To ki saurare ni da kyau. Nas ta duba ƙafar, ta duba bakin. Ta ce ciwon ƙusa ne, mai sarƙe haƙora. Ba na ƙwaya ba ne, sai an kwantar da shi a asibiti, kuma yau ta fi gobe. Mu za mu kai shi. Abin da ya rage, mai mota ya turo wanda zai zauna a ciki. Motar da ba kowa, ko janwe ya ja ta, ko a wayi gari ba batir ba taya, kuma ta rasa wurinta a layi."

Zailani ya kira yayansa. Ban ji abin da suka ce ba. Abin da na ji shi ne na bayan la'asar, lokacin da na kai wa Iya kunu. Ina durƙushe ina zuba mata sai Alhaji ya yi sallama ya shigo. Na ja baya zuwa bakin ƙofa, ban samu hanyar fita ba don ya tare ta da babbar rigarsa.

"Iya, autanki zai jawo mini asara."

"Me ya yi?"

"Wai ya gaji da zama. Zai bar mota da kayan mutane a kan titi ya shiga gari. Ƙaya ce ta soke shi a ƙafa, shi ne ya samu dalili. Kin dai san shi. Haka ya bar ɗinki, haka ya bar shagon taya."

Iya tsohuwa ce, idonta ya yi rauni, kuma duk duniya ba ta da kamar Zailani. Tsoronta kullum kada ya tashi ba sana'a. Ta ce a kira mata shi. Alhaji ya danna waya ya sa mata a kunne, bai sake ta ba.

"Auta, kana jina? Ɗan'uwanka ya rufa maka asiri, kai kuma za ka tona nasa? To ka ji. In ka bar motar nan kafin ta shiga inda aka aike ka, ban yafe maka ba."

Na ji muryarsa ƙasa-ƙasa yana cewa, "Iya, ki tsaya ki ji..." Alhaji ya janye wayar ya kashe.

Ludayin da ke hannuna ya faɗi cikin kwano. Shekarata takwas a gidan, ban taɓa ɗaga ido na kalli Alhaji ba, ban taɓa yi wa Iya maganar ɗanta ba. Haka aka koya mana. Na tattara kwanukan na fita.

Washegari Sama'ila ya kira ni, ransa a ɓace.

"Malama, me kuka gaya wa mutumin nan? Na samo wani dattijo da zai zauna masa a mota, don Allah kawai. Ya ce a'a. Wai yanzu ba maganar mota ba ce."

Ya ba Zailani wayar. Na ce, "Don girman Allah ka bi su."

"Kin ji abin da ta ce."

"Ba ta san gaskiya ba ne. An ce mata ƙaya ce."

"Ko ma me aka ce mata, ta faɗa. Zinariya, in na sauka na mutu a asibiti fa? Da wace fuska zan tashi?"

"In ka zauna fa?"

"In na zauna na mutu cikin biyayya."

Kalmomin suna fitowa ta tsakanin haƙora, kamar mai magana da allura a baki. Na zauna a ƙasa a tsakar ɗaki.

Da yamma na sa hijabi na tsaya a bakin zaure har Alhaji ya dawo daga masallaci. Na durƙusa.

"Yaya, ina wuni."

"Lafiya. Wani abu ne?"

"Maganar ƙaninku ce. Mutanen ƙungiya sun ce jikin ya yi tsanani."

"Su wa? 'Yan rabon burodi? Su ne likitoci yanzu?"

"Da nas a cikinsu."

"Ke, sanyin Legas ne. Duk wanda ya kwana a kan gadar nan sai gaɓoɓinsa sun riƙe. Ni na yi tuƙi kafin a yaye mijinki. Na sa an yi masa rubutu, akwai motar da za ta tashi jibi."

"Sun ce sun samu mai zama a motar. Iya kawai za ta ce ya sauka."

"In ba wa wanda ban sani ba makullin mota da riɗin mutane? A Legas? Kuma da kakar nan ina zan samu direba? Kowa yana kan hanya." Ya gyara hularsa. "Kuma ki ji ni. Iya tana da hawan jini. Duk wanda ya kai mata labarin da ya kayar da ita, shi ya kashe ta. Layin ya kusa, ya ƙara haƙuri."

Na je wurin limamin unguwa ta hannun matarsa. Ya ce maganar uwa ba ta hana mutum ceton ransa, addini bai ce haka ba. Ya ce zai samu Alhaji in an sauko Juma'a. Na kira Zailani da murna na gaya masa. Ya ce, "Liman ne ya haife ni?"

Daga nan kullum sai abin ya ƙaru. Wuyansa ya sandare. Ruwa ma sai Sama'ila ya huda leda ya ɗiga masa ta gefen baki. Ya ce in wata mota ta yi hon, ko aka buga ƙofa da ƙarfi, sai jikin ya ɗauka gaba ɗaya, bayansa ya lanƙwashe kamar za a karya shi. A layin da motoci suka fi dubu, yaushe za a daina hon? Sun gwada ɗaukarsa da ƙarfi. Ya rungume sitiyari, da suka taɓa shi ciwon ya taso, nas ta ce su sake shi kada numfashinsa ya tsaya a hannunsu. Da ya dawo hayyacinsa sai ya kulle ƙofofin, ya bar gilashi a buɗe kaɗan.

Na daina cin abinci. Dare da rana waya tana hannuna. 'Yata Sadiya ta tambaye ni me ya sa Baba yake magana kamar ya yi fushi da mu. A tsakar gida kuwa ana ta harkoki. Ana daka, ana tankaɗe, Alhaji yana zaure da baƙinsa ana shan shayi. In na wuce sai a yi shiru. Kowa a gidan ya sani, ban da mutum ɗaya.

Juma'a ta zo ta wuce. Liman ya yi maganar, Alhaji ya ce masa an riga an shawo kan abin.

Ranar Lahadi Alhaji ya tafi kasuwar Mai'aduwa tun da safe. Na jira matan gida suka shiga ɗaki da hantsi. Na ɗauki waya na shiga wurin Iya. Tana kan buzu tana jan carbi.

"Iya, ku gafarce ni. Zan faɗi abin da bai kamace ni ba."

"Wace ce? Zinariya? Faɗi."

"Ba ƙaya ba ce. Ƙusa ce, kuma ciwon ya shiga jikinsa. Ba ya iya buɗe baki. Masu taimako suna tsaye a kansa za su kai shi asibiti, ya ƙi, saboda maganarku."

Carbin ya tsaya.

"An gaya mini za ki zo," in ji ta. "An ce ke kike hure masa kunne ya dawo."

"Ku ji shi da kanku, Iya."

Na kira Sama'ila. Ya ce in dakata ya hau matakalar mota. Na ji yana cewa, "Zailani, ga mahaifiyarka," ya zura wayar ta gilashi. Na sa wa Iya a kunne, na matso da nawa kunnen.

Abin da ya fito ba magana ba ce. Wani gurnani ne, da numfashi mai kama da ana jan buhu a ƙasa. Can cikinsa na tsinci "Iya", sau biyu. Sai wata mota ta danna hon a kusa, muryar ta koma wani irin ƙara da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba.

Iya ta ture hannuna.

"Wannan ba ɗana ba ne."

"Wallahi shi ne, Iya."

"Ni zan kasa gane muryar abin da na haifa? Wa kuka samo ya yi mini wannan? Ke da wa kuka haɗa?"

"Ku ce ya sauka kawai. Ko ba shi ba ne, me zai rage ku? Ku ce kun yafe."

"Fita mini daga ɗaki."

Na kama ƙafarta ina kuka. Ta janye. Sama'ila yana ta "Hajiya, Hajiya" a cikin waya, har ta katse.

Da Alhaji ya dawo aka gaya masa. Bai shigo sashenmu ba, a tsakar gida ya tsaya yadda kowa zai ji.

"Wata ta so ta kashe mini uwa yau. To ta sani, in mijinta ya dawo, ko ni ko ita a gidan nan."

Ban fito ba. Ban damu da korar ba. Abin da ke kaina shi ne, yanzu Zailani ya ji da kunnensa uwarsa ta ce ba shi ba ne.

Da gari ya waye, ina hura wuta, na ji sandar Iya a bayana. Tun da aka kawo ni gidan ba ta taɓa taka sashenmu ba. Ta lalubo bango ita kaɗai, ɗankwalinta a karkace.

"Zinariya."

"Na'am, Iya."

"Jiya da ya ce Iya na biyun nan..." Ta kasa ƙarasawa. Bakinta yana motsi. "Kira mini shi. Yi sauri."

Na danna lambar Sama'ila. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira. Sama'ila ya ɗauka, bayansa ba ƙarar motoci, sai muryoyin mutane da takun takalma.

"Muna asibiti," in ji shi. "Da asuba muka ga ba ya motsi, muka fasa gilashin."

"Ga Iya. Tana so ta yi masa magana."

Ya yi shiru. Na ce, "Malam Sama'ila, kana ji?"

"Ina ji. Ba ta wayar. Zan sa masa a kunne."

Iya ta riƙe wayar da hannu biyu, a juye ma ta riƙe ta sai da na gyara mata.

"Auta. Auta, ni ce. Ka sauka, ka ji? Ka bar musu motarsu. Na yafe maka duniya da lahira. Ban san haka ne ba, ɗana. Ka sauka ka sha magani. Allah ya yi maka albarka. Auta, ka ji ni?"

Ba amsa. Ta yi ta maimaitawa har muryarta ta dushe. Na karɓi wayar na shiga ɗaki na sakaya ƙofa.

"Malama," in ji Sama'ila, "sai haƙuri. Tun a hanya ya cika, kafin mu iso ƙofar asibiti. Na kasa gaya wa tsohuwa. Na dai sa masa a kunnen kamar yadda na ce."

A Agege, can Legas, aka binne shi bayan azahar. Direbobin layin ne suka yi masa wanka, su suka yi masa sutura, su suka sallace shi. Mutanen da ba su san ko ƙofar gidanmu ba. A cikinsu har da waɗanda ba Musulmi ba, Sama'ila ya ce sun tsaya daga gefe har aka gama. A cikin danginsa ba wanda ya ga fuskarsa.

A ranar, kafin la'asar, Alhaji ya samu direba. Wanda ya ce ba ya samuwa da kaka. Waya biyu ya buga a zaure, ana tsakiyar karɓar gaisuwa, wani ɗan Kano da ke Legas ya je ya hau motar. Riɗin ya shiga tasha lafiya, ko buhu ɗaya bai jiƙe ba.

Na zauna takaba ina jin abin da masu gaisuwa suke faɗa ta bayan labule. Kwana ya ƙare. Legas ba ta da kirki. Gwamnati ta bar direbobi suna mutuwa a titi. Duk gaskiya ne. Wanda ya bar mutum ya yi makonni a kan gada ba ruwa ba banɗaki, zai amsa tambaya a gaban Allah. Amma a kan gadar nan an samu masu kawo ruwa. An samu nas, an samu mota, an samu dattijon da ya yarda ya kwana a tirelar wani don Allah. Abu ɗaya aka rasa, kuma a gidanmu yake, taku kaɗan daga ɗakina. Mu da muka sani muka rufe baki, wai kunya, wai kada jinin tsohuwa ya hau. An ɗauki tsoron Allah da ke zuciyar bawan Allah an ɗaure shi da shi a jikin sitiyari, don an san igiyar da ba zai taɓa tsinkawa ba ke nan.

Alhaji kuwa abin da yake gaya wa mutane shi ne, "Ƙanina ya mutu a kan biyayyar uwa. Irin wannan mutuwar ake roƙo."

Ranar addu'ar bakwai, da mutane suka ragu, Iya ta aiko a kira ni. Ta rame, idanun sun faɗa. Alhaji yana zaune a gefenta a kan kujera. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Zinariya, ke kika yi magana da mutumin nan daga baya. Ki gaya mini tsakaninki da Allah. Da na yi masa magana, ya ji?"

Na kalli hannuwanta a kan carbi. Allah ya yafe mini.

"Ya ji, Iya. An ce har ya motsa kai."

Ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka, tana godiya ga Allah. Alhaji ya sauke numfashi mai ƙarfi.

"To alhamdulillahi," in ji shi. "Kun gani. Sun rabu lafiya, shi ke nan. Magana ta wuce."

Ya tashi ya fita. Na bi bayansa. A tsakar gida na cim masa, wurin randunan ruwa, yana sa takalmi. Ban durƙusa ba.

"Yaya."

Ya juyo, yana mamakin ganina a tsaye.

"Ita na gaya wa haka don ta samu ta yi barci. Ku kuwa gara ku sani. Bai ji ba. Gawa aka sa wa waya a kunne. Maganar ƙarshe da ya ji daga bakin uwarsa ita ce ba shi ba ne ɗanta, ta gabanta kuma ita ce wadda kuka riƙe mata waya ta faɗa. Da su ya tafi."

Ya buɗe baki. Ya waiga ɗakin Iya, inda har yanzu ake jin muryarta tana hamdala. Ya san in ya ɗaga murya za ta tambayi dalili.

Na tsaya ina kallonsa ido cikin ido, ina jira. Takalmi ɗaya a ƙafarsa, ɗaya a ƙasa.